Yadda Gulbin Misisipi Ya Share Bakinsa Da Kansa

Bayan yaƙin basasar Amurka, birnin Nuwel Orleyan ya shiga wani hali mai wuya. Auduga da hatsi na gangarowa gulbin Misisipi, amma a inda gulbin ke haɗuwa da teku sai ruwa ya baje, ƙarfinsa ya mutu, ya zubar da laka da rairayin da ya ɗauko. Manyan jirage kan kafe a wurin, wasu har makonni, kayansu na lalacewa.

Injiniyoyin soja, bisa jagorancin Janar Andrew Humphreys, sun ce mafita ita ce a haƙa sabuwar hanyar ruwa a kauce wa bakin gulbin. James Eads ya ƙi yarda. Mutum ne da ya bar makaranta yana ɗan shekara 13, amma ya daɗe yana nitso cikin Misisipi yana tsamo kayan jiragen da suka nitse, ya taka ƙasan gulbin, ya ga yadda rairayi ke tafiya. Hujjarsa ita ce: in an matse ruwa tsakanin katangu biyu, gudunsa zai ƙaru, shi da kansa zai kwashe lakar ya kai ta cikin zurfin teku.

A 1875 majalisar dokoki ta ba shi aikin, bisa sharaɗin da shi ya kawo: ba za a biya shi ba sai zurfin ya samu. Duk da haka ba a sakar masa babban reshen da ya nema ba, ƙaramin reshen kudu aka ba shi, wanda zurfin bakinsa bai wuce mita 2 da rabi ba. A ganina, wannan rowa ce ta ƙara wa nasararsa daraja.

Kayan aikin kuwa ba su da wani abin mamaki. Rassan iccen bakin ruwa aka saƙa kamar zana mai kauri, a jawo su bisa ruwa, a danne da duwatsu har su nitse, a ɗora wani bisa wani. Laka ta cike ƙofofin saƙar, katangu suka kafu, tazarar kusan mita 300 tsakaninsu. A 1879 zurfin ya kai mita 9, cinikin birnin ya farfaɗo.

Sai dai lakar da ake turawa cikin teku ita ce da can take gina ƙasar bakin gulbin. Da irin waɗannan katangu, da ganuwar hana ambaliya, da hanyoyin ruwan masu haƙar man fetur, jihar Luwiziyana ta rasa kimanin murabba'in kilomita 4,800 na ƙasarta tsakanin 1932 da 2016.