Masu Buga Waya: Ma'aikatan Da Tarihi Ya Manta

Kakana mutumin Faskari ne. Ya sha ba ni labarin ranar da mahaifinsa ya rasu, aka tashe shi takanas zuwa Funtuwa don ya buga wa wansa waya a Legas. A zamanin nan, mutanen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara sai sun yi tattaki kafin su sami gidan waya.

Ita wannan hikima Samuel Morse ne ya gwada ta a Amurka cikin 1844. Kowane harafi yana da nasa bugu, gajere ko dogo. Mai buga waya ya ƙwanƙwasa, takwaransa a wani gari ya saurara, ya rubuta, masinja ya kai.

Turawa sun riƙe ta makamin mulki. Ta waya ce labarin yaƙin Satiru ya iske Lugga a Zungeru cikin 1906, ya tura soja. Da jirgin ƙasa ya ratsa Funtuwa zuwa Ƙauran Namoda cikin 1929, da ita ake sanar da tasha tasowar jirgi.

To, jama'a, ku dubi nauyin amanar nan. Kuɗi bisa yawan kalmomi ake biya, saboda haka akawu ke taƙaita wa talaka maganarsa. Ya san mutuwa da haihuwa kafin dangi su sani, amma bakinsa alaikum. Harafi ɗaya ya kuskure, sai a yi makokin mai rai.

Dattawan da suka ga wannan zamani suna ƙarewa. Ɗalibai, mu je mu tambaye su tun suna raye.