Daga Kasuwar Kurmi zuwa Challawa: Tarihin Maganin Wankin Ciki

Duk wanda ya saba bin hanyar Panshekara da yamma, lokacin da ma'aikatan masana'antun Challawa suke tashi daga aiki, ya san wannan murya. Tsohuwar mota ce a gefen titi, an ɗaura mata amsa-kuwwa, an jera robobi da ƙullin garin magani a kanta, ana ta lissafo cututtuka: basir, dattin ciki, kumburi, taurin bayan gida, kasala. Kwalba ɗaya aka ce tana maganinsu duka. Ma'aikacin da ya karya da burodi da shayi, ya wuni tsaye gaban inji, ga shi kwana uku bai kewaya ba, ba ya buƙatar dogon lallashi kafin ya zaro kuɗi.

'Yan boko da yawa kallon raini suke yi wa wannan mota. Wasunsu kuma, in cikin ya cushe, sai su yi odar garin maganin Indiya mai tambarin Ayurveda ta intanet, suna ganin sun sayi abin da ya fi na gida asali. Tarihi ya nuna cewa maganin gida da na Indiya dangin juna ne tun ƙarnoni masu yawa, kuma a duka biyun abin da masana na da suka fi tsarewa shi ne awo da lokacin sha. Wannan ɓangaren ilmin ne ya salwanta a hanyarsa ta zuwa kwalba.

Ganye ɗaya, sunaye da yawa

Tsohon maganin wankin ciki a ƙasar Hausa shi ne filasko, ɗan tsiron da ke fita a fako da bakin gona, wanda masana tsirrai suke kira Senna italica. Yana da ɗan'uwa da ya fi shi suna a duniya, Senna alexandrina, wanda Larabawa suke ce wa sana makki, mu kuma muke gani a shagunan maganin Musulunci da sunan sanamaki. An laƙaba masa sunan Iskandariyya ne domin ta tasharta ake fitar da ganyen da aka tsinko daga Sudan da kudancin Masar zuwa Turai. Hamadarmu ma ta shiga wannan ciniki, domin a ƙarni na 19 ayarin raƙuma na ɗaukar ganyen daga ƙasar Azbin zuwa Gat da Tarabulus. Daga baya manoman Tirunelveli a kudancin Indiya suka rungumi nomansa, har Indiya ta zama babbar mai sayar wa duniya shi. Tafasa da rai-ɗore da runhu duk 'yan gidan nan ne.

Hulɗar Indiya da duniyar Musulmi a fagen magani ta ƙullu ne a Bagadaza zamanin Abbasiyawa, lokacin da waziran gidan Barmaki suka gayyato likitocin Indiya, aka fassara littattafan Susruta da Caraka. A shekarar 850 Aliyu bn Rabban al-Tabari ya kammala littafinsa Firdausul Hikma, ya keɓe wani sashe ga likitancin Indiya. Haɗin nan na 'ya'yan itace uku da ake kira triphala, wanda a yau ake tallarsa a matsayin maganin taurin bayan gida, ya shiga littattafan Larabci da sunan itrifal. Ita kuwa tsamiya, itaciya ce ta Afirka, amma Larabawa sun san ta ta hannun 'yan kasuwar Indiya, suka kira ta tamr hindi, wato dabinon Indiya. Tsamiyar da ake dama kunu da ita a Kano lokacin buɗa-baki, ita ce Bature yake kira da sunan da aka samo daga wannan kalma.

Sarkin Musulmi da ganyen sana

Wannan ilmi ya iso mana ta littattafai. Akwai hadisin Asma'u bint Umais da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito, inda aka nuna zafin wani maganin zawo da take sha, aka yabi sana a madadinsa. Ibn Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya yi sharhi a kan ganyen cikin Zadul Ma'ad, ya kawo nauyin da ake sha da ma'aunin dirhami, ya fifita dafaffen ruwansa a kan garinsa, ya kuma ambaci abin da ake haɗa shi da shi.

Malaman jihadin Sakkwato sun gaji wannan tafarki. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, ya yi rubuce-rubuce da dama a kan magani. A cikinsu akwai Al-Ƙaulus Sana, kan sassauta ciki da ganyen sana, da Al-Ƙaulul Manthur, kan magungunan basir. Mai tafiyar da daula mai faɗin gaske, ga yaƙi ga shari'a, ya ga dacewar ya zauna ya rubuta risala kan taurin bayan gida. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa magabata ba su ɗauki al'amarin abin kunya ko abin wasa ba.

A likitancin Larabawa da suka karanta, ba a ba mutum maganin zawo sai an dubi shekarunsa da ƙarfinsa da yanayin shekara. Haka abin yake a Ayurveda. Wankin cikin da suke kira virechana yana da kwanakin shiri kafinsa, an hana shi ga mai juna biyu da ƙaramin yaro da tsoho mai rauni, bayan an gama kuma sai mutum ya fara da ruwan kunun shinkafa kafin ya koma ga abinci mai nauyi. Tsohuwar da ke jiƙa wa jikanta filasko da tsamiya, ta hana shi fita ranar, ta dama masa kunu bayan cikin ya lafa, a kan wannan ƙa'ida take tafiya ko da ba ta taɓa jin sunan Caraka ba.

Kanwa a Kasuwar Kurmi

Na biyun filasko a gyaran ciki ita ce kanwa. Ana haƙo ta a ƙasar Manga da Muniyo da gaɓar Tafkin Cadi, inda ake samun irin da ake kira ungurnu. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), ta zama babban zangonta. Heinrich Barth, da ya zo Kano a 1851, ya ƙiyasta cewa kayan kanwa wajen 20,000 ne suke ratsa birnin kowace shekara a bayan takarkarai da jakuna, akasari a hanyarsu ta zuwa Nupe. Masanin tarihi Paul Lovejoy ya yi littafi guda a 1986 kan wannan fatauci na gishiri da kanwa.

Ilmin kimiyya ya bayyana dalilin farin jininta. Sinadarin da ke cikinta ɗan'uwan sodar yin burodi ne, yana kashe tsamin ciki, shi ya sa mai ƙwannafi yake jin sauƙi in ya sha jiƙonta. Tana kuma sa wake ya nuna da wuri, ta ƙara wa miyar kuɓewa yauƙi.

Sai dai kanwar ce ta ba mu darasi mafi ɗaci game da wuce awo. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Davidson da Parry, sun lura da yawan masu jego da ake kawowa zuciyarsu ta gaza aiki. Suka danganta abin da kunun kanwa mai yawa da ake ɗura wa mai jego, haɗe da wankan ruwan zafi da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta. Gishirin da ke cikin kanwa yana tara ruwa a jiki, zafi kuma ya ƙara wa zuciya nauyi. Abin da ɗan kaɗan ɗinsa ke gyara tuwo, yawansa ya kai mata da dama kabari.

Abin da inji ya cire

Duk da yawan waɗannan magunguna, tsarin cimar da ne ya fi su aiki. Gaskiya ne mata suna surfe su fitar da dusa, amma turmi ba ya tsiraita ƙwayar gero ko dawa kamar yadda inji yake yi. Kusan kowane tuwo kuma da miyar ganye yake tafiya: kuka, kuɓewa, karkashi, lalo, yakuwa. Ga kwaɗon zogale da rama da tafasa, ga ɗanwake, ga goruba da aduwa da magarya da yara ke tsotsa. Duk waɗannan cike suke da ɓawo da zare-zaren da hanji ba ya narkarwa, waɗanda ke riƙe ruwa su sa bayan gida ya yi laushi. Denis Burkitt, likitan tiyata da ya daɗe yana aiki a Yuganda, ya shahara a shekarun 1970 da nuna cewa abinci ya fi saurin ratsa cikin mazauna ƙauyukan Afirka fiye da na Turawan Ingila, ya kuma ɗora bambancin a kan irin wannan cima.

A daidai lokacin da Burkitt yake jan kunnen Turawa, mu kuma muka kama hanyar da suka biyo. Bompai ce tsohuwar unguwar masana'antu ta Kano, sannan Sharada da Challawa suka biyo baya lokacin da kuɗin mai ya shigo. Tare da majemu da masaƙu da kamfanonin roba, aka kafa injinan niƙa alkama, da na biskit, alawa, taliya da lemon kwalba, daga baya kuma manyan injinan casar shinkafa. Amfaninsu a fili yake: sun samar da aiki ga dubban mutane, sun kuma raba mata da wahalar daka. Amma inji yana cire dusar alkama da ta shinkafa kusan ƙaf. Giram 100 na cikakkiyar alkama yana ɗauke da zaren abinci sama da giram 10, na farar fulawa kuwa kusan giram 3 ne. Hukumar Lafiya ta Duniya tana so baligi ya samu aƙalla giram 25 a rana. Dusar da aka cire kuwa ana loda ta a buhu a sayar wa masu kiwon kaji da shanu.

Tsarin aiki ma ya ba da tasa gudummawa. Mai aikin dare yana cin abin da ya samu a bakin ƙofar kamfani. Mai aikin ofis yana wuni a kujera. Wanda bai yarda da tsabtar bandakin wurin aiki ba yakan matse har ya koma gida, yakan kuma rage shan ruwa da gangan duk da zafin Kano. Hanji kuwa in aka saba danne kiransa, sai ya daina kira.

Kwalba marar awo

A wannan hali ne motar amsa-kuwwa ta samu kasuwa. Filasko da sanamaki suna aiki, babu shakka. Sinadaran da ke cikinsu suna wucewa har babban hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su sarrafa su, sai hanjin ya motsa ya kuma tara ruwa, mutum ya kewaya bayan sa'a 6 zuwa 12. Sana yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, shi ne kuma a cikin ƙwayar Senokot. Amma magani ne na 'yan kwanaki. Mai shan sa kullum yana fuskantar murɗar ciki da ƙarancin ruwa da zubewar sinadarin fotasiyam, wanda bugun zuciya ya dogara da shi. A da mai magani ya san wanda yake ba, ya san gidansu, gobe zai gan shi a masallaci. Mai mota yau yana Panshekara, gobe yana Wudil, kwalbarsa kuma sau da yawa ba ta faɗin abin da ke ciki balle nauyinsa.

Tambarin ƙasar waje ma ba ya isa shaida. A 2004 masu bincike a birnin Boston na Amurka sun gwada magungunan Ayurveda 70 da ake sayarwa a shaguna, suka samu dalma ko makuri ko asanik a cikin 14. A nan gida, hukumar NAFDAC da aka kafa a 1993 tana ba maganin gargajiya lamba bayan ta duba ko yana da illa, amma takan sa a rubuta a jikinsa cewa ba ta tantance iƙirarin warkarwar da aka yi masa ba. Mai saye ya kamata ya karanta wannan ɗan rubutu.

Babban haɗarin yana cikin kalmar basir kanta, wadda ta zama rumbun da ake zuba kowane ciwon ciki. Jini a bayan gida, rama ba dalili, sauyin yadda mutum ya saba kewayawa da ya wuce makonni, ko kumburin ciki tare da amai da rashin fitar iska, duk alamu ne da ke buƙatar likita, domin ciwon dajin hanji da toshewar hanji da su suke farawa. Watannin da aka ɓata ana shan jiƙo su ne sukan raba wanda tiyata za ta cece shi da wanda aka kai a makare.

Ga mai taurin bayan gida na yau da kullum kuwa, abin da ya fi kusa da gadon magabata yana kasuwar unguwa: wake, kuka, zogale, gero da ba a tsiraita ba, da ruwa isasshe. In an buƙaci filasko, a sha kaɗan, na ɗan lokaci, a kuma san abin da aka sha. Muhammadu Bello ya ga dacewar a rubuta ƙa'idar wannan ganye kusan shekara 200 da suka wuce. Masu haɗa magani a Kano ta yau, da hukumomin da ke sa musu ido, suna iya farawa da rubuta sunan ganyen da nauyinsa a jikin kwalba.