Hatimin da ba a ƙirga ba: tarihin sirrin tsaron jirage a Amurka

A ƙarshen watan Yuli na 2003, wani saƙon tes ya shiga wayoyin jami'an tsaron da gwamnatin Amurka ke sajewa da fasinjoji a cikin jirage, sanye da kayan gida. Saƙon ya ce an soke rakiyar jiragen da ke dogon zango, waɗanda kan sa jami'i ya kwana a otal. Kwanaki kaɗan kafin nan an gargaɗi jami'an cewa ana kitsa makircin sace jirgi. Ɗaya daga cikinsu, Robert MacLean, ya kai kuka wajen magabatansa, bai samu biyan buƙata ba, sai ya tsegunta wa wani ɗan jaridar MSNBC. Labarin na fita 'yan majalisa suka yi ca, hukuma ta janye shirin.

A 2006 aka kori MacLean daga aiki, bisa laifin fallasa wani nau'in bayanin tsaro da ake taƙaita sunansa da SSI. Abin lura shi ne saƙon bai zo da wata alamar sirri ba. Sai bayan korar, a watan Agusta na wannan shekarar, hukumar ta fitar da umarni a rubuce cewa saƙon SSI ne.

Asalin wannan hatimi yana komawa ga zamanin fashin jirage. Tsakanin 1968 da 1972 an sace jiragen Amurka fiye da 130, da yawa aka karkatar da su zuwa Kyuba. A watan Janairu na 1973 aka fara binciken kowane fasinja da kayan hannunsa. Nan matsala ta taso, domin dokar 'yancin samun bayanai ta 1966 ta ba kowa damar neman takardun gwamnati, har da wanda ke son sanin inda na'urar bincike ke da rauni. Saboda haka a 1974 majalisa ta ba hukumar jiragen sama, FAA, ikon ɓoye irin waɗannan bayanai.

SSI ya sha bamban da sirrin ƙasa da aka sani. Sirrin ƙasa yana da matakai uku, yana da jami'ai ƙididdigaggu da aka ba ikon buga hatiminsa, kuma tun 1978 akwai ofishin da ke sa ido a kansa yana kai wa shugaban ƙasa rahoto. Daga 1995 kuma aka ƙa'ide cewa yawancin takardunsa za su buɗe bayan shekara 25. Shi kuwa SSI an yi shi ne don a riƙa raba shi ga ma'aikatan kamfanonin jirage da na filayen jirgi, waɗanda ba a yi musu tantancewar sirrin ƙasa ba. Wannan sassaucin shi ne amfaninsa, shi ne kuma ya bar ƙofa a buɗe.

Bayan harin 11 ga Satumba na 2001 aka kafa hukumar tsaron sufuri, TSA, ta gaji ikon. Ƙa'idar da aka fitar a watan Mayu na 2004 ta faɗaɗa shi zuwa sufurin ruwa, ta jera rukuni 16 na bayanan da za a iya ɓoyewa. A watan Yuni na 2005 ofishin binciken majalisa, GAO, ya duba lamarin. Ya tarar TSA ba ta da rubutacciyar ƙa'ida kan wanda ke da ikon buga hatimin, ba ta kuma da tsarin bin diddigin takardun da aka buga wa. Ma'ana, babu wanda zai iya faɗin adadinsu.

Majalisa ta biyo ta hanyar da ta fi ƙarfi a hannunta, wato kasafin kuɗi. Dokar kasafin Ma'aikatar Tsaron Cikin Gida ta 2006 ta wajabta naɗa jami'in kula da SSI a ofisoshin da ke mu'amala da shi, ta kuma umarci ma'aikatar ta riƙa miƙa wa kwamitocin kasafi sunayen takardun da aka ɓoye ɗungurungum, a kowace ranar 31 ga Janairu. Dokar kasafin 2007 ta ƙara da cewa a sake duba takarda duk lokacin da aka nemi a sake ta, kuma bayanin da ya kai shekara uku a sake shi, sai fa idan ya faɗa cikin wasu rukunai da aka keɓe ko an nuna dalilin ci gaba da riƙe shi.

Lissafin dai bai cika ba. A wancan lokacin sunan takarda ake kaiwa, kuma takardar da aka toshe wani sashe nata kawai ba ta shiga jerin. Saƙo irin na MacLean, wanda bai da suna bai da hatimi ranar da aka aika shi, ba shi da gurbi a wannan rajista.

A ranar 21 ga Janairu na 2015 Kotun Ƙolin Amurka ta ba MacLean gaskiya, alƙalai bakwai a kan biyu. Babban Joji John Roberts ya bayyana cewa dokar kare masu fallasa ɓarna tana cire kariyarta ne kawai idan doka ce ta haramta fallasar, kuma ƙa'idar da hukuma ta rubuta wa kanta ba ta kai matsayin dokar majalisa ba. Da an bari, in ji hujjar kotun, kowace hukuma za ta iya rufe bakin ma'aikatanta da alƙalaminta.

Babu mai musun cewa raunin na'urar bincike abin ɓoyewa ne. Abin da aka shafe shekaru ana ja-in-ja a kansa shi ne wa ya buga hatimin, yaushe, kuma sau nawa. Shekara talatin da ɗaya ke tsakanin dokar 1974 da rahoton da ya nuna ba wanda ke riƙe da amsar.