Tarihin Lambun Gida a Ƙasar Japan

Idan aka ce wa Bahaushe lambu, albasa da tumatir ne za su faɗo masa a rai. To amma a ƙasar Japan akwai wani irin lambu da ake yi don kallo kurum. A wannan ɗan rubutu za mu duba yadda ya taso daga gidajen sarauta har ya shiga gidan ɗan kasuwa.

Bayan da Kiyoto ta zama babban birni a shekarar 794, manyan fadawa suka riƙa haƙa tafki a kudancin gidajensu, su bar tsibiri a tsakiya, su ɗora gada, su shiga kwalekwale suna shaƙatawa. A ƙarni na 11 aka rubuta littafin Sakuteiki, wanda ya koyar da cewa tushen aikin shi ne kafa duwatsu, kuma mai tsarawa ya lura da zaman dutse da ruwa a daji, ya kwaikwaya.

Da mulki ya koma hannun mayaƙa, sai malaman addinin Buda na ɗariƙar Zen suka yi fice a sana'ar. A wurin ibadarsu na Riyowanji an kafa duwatsu 15 a filin da bai fi mita 25 a tsawo da 10 a faɗi ba, aka shimfiɗa farar tsakuwa, ana jan ta da manjagara. Tsakuwar ce ta tsaya a madadin ruwa.

Daga nan sai zamanin Sen no Rikiyu (1522-1591), gwanin al'adar shan shayi, lokacin da lambu ya zama 'yar hanya zuwa ɗakin shayi, mai duwatsun takawa da fitilar dutse da kwarin dutse na wanke hannu.

A zamanin Edo (1603-1868) gidajen 'yan kasuwar Kiyoto tsukakku ne ta gaba, masu tsawo ta ciki. Sai suka bar ɗan fili a tsakiya don iska da haske, suka aro kayan lambun shayi suka zuba. Wannan shi ake kira tsuboniwa.

Ke nan fili ya yi ta raguwa, amma ƙa'idar kwaikwayon daji ba ta sake ba. Mai niyyar tsara irin wannan lambu a gidansa, kafin ya sayi fitila, sai ya fara zuwa daji ya ga yadda dutse yake zaune.