Hayaƙin da ya kori sojoji daga jirgin Sheffield

Duk ranar 4 ga Mayu, idan aka zo tunawa da jirgin ruwan yaƙin Birtaniya, HMS Sheffield, sai tsohuwar magana ta sake tasowa: wai da alminiyum aka ƙera samansa, shi ya sa ya ci wuta kamar ƙirare. Maganar ta daɗe tana yawo a jaridu, amma babu ƙanshin gaskiya a cikinta, domin da ƙarfe aka ƙera shi sama da ƙasa. Da alama an haɗa labarinsa ne da na USS Belknap na Amurka, wanda samansa na alminiyum ya narke bayan ya yi karo da wani jirgin a 1975.

A ranar 4 ga Mayu, 1982, ana tsaka da yaƙin tsibiran Falkland, jiragen saman Ajantina biyu ƙirar Super Étendard suka taso daga Río Grande, suka harbo makamai masu linzami na Exocet. Ɗaya ya faɗa teku. Ɗayan ya huda Sheffield ta gefen dama, kusa da ɗakin girki, ya fasa babban bututun ruwan kashe gobara. Daga nan aiki ya koma na bokiti da ƙananan injinan jan ruwa.

Shin makamin ya fashe bayan ya shiga? Kwamitin binciken rundunar sojojin ruwan Birtaniya ya ce a'a, ragowar man da ke tura shi ne ya kunna wutar. Kyaftin ɗin jirgin, Sam Salt, da mutanensa kuwa suka dage cewa ya fashe, kuma wani nazari da aka sake yi a 2015 ya karkata ga maganarsu. Ni ma nan na karkata, domin su ne a cikin jirgin. Sai dai wannan gardama ta danne abin da ya fi ta muhimmanci, wato hayaƙi.

Jirgin yaƙi cike yake da wayoyin lantarki, dami-dami, suna bin rufi da bango daga ɗaki zuwa ɗaki, kuma da yawansu robar PVC ce ta lulluɓe su. Fiye da rabin nauyin zallar wannan roba sinadarin kulorin ne, shi ya sa ba ta saurin kamawa, dalilin da ya sa masu ƙera jirage suka so ta ke nan, ga kuma arha. Amma in wuta ta yi ƙarfi, sai ta saki baƙin hayaƙi mai kauri da wata iska wadda da zarar ta taɓa danshin ido ko maƙogwaro sai ta zama asid. A gida mutum ya buɗe taga ya fita. A cikin jirgi, inda aka rufe ƙofofi don kada ruwa ya shiga, ina za shi?

Hayaƙin robar ya haɗu da na man gas da katifun soso, ya turnuƙe tsakiyar jirgin cikin mintuna, har mutum ba ya ganin tafin hannunsa. Ma'aikatan ɗakin kwamfuta suka ƙi barin aikinsu, a nan hayaƙi ya cim musu. Bayan sa'o'i ana fama, Salt ya ba da umarnin a bar jirgin. Mutum 20 suka mutu. Sheffield bai nutse ba sai ranar 10 ga Mayu, ana cikin jansa.

Bayan yaƙin, rundunar ta koma ga wayoyi masu ƙarancin hayaƙi waɗanda babu kulorin da danginsa a robarsu, jiragen fasinja da na kaya ma da yawa suka bi sahu. Abin mamaki, hodar da ake cika irin wannan roba da ita sau da yawa tana ɗauke da alminiyum ɗin da aka ɗora wa laifi: in zafi ya kai wajen digiri 200, sai ta saki tururin ruwa ya rage kaifin wutar.