John Dillinger: abin da fim ɗinsa ya tsallake

Ƴan uwana malamai da iyaye, idan yaranmu suka kalli Public Enemies na 2009, inda Johnny Depp ya fito a matsayin John Dillinger, gwarzo za su gani: kwat mai tsada, mota, bindiga. Ni abin da ya dame ni shi ne fim ɗin ya soma daga 1933, alhali labarin ya girmi haka.

Dillinger ya bar lakwal da wuri. A 1924, yana da shekara 21, ya tare wani mai kanti a jihar Indiyana ta Amurka. Ya amsa laifinsa, alƙali ya yanke masa shekara 10 zuwa 20. A gidan kaso ya zauna da gwanayen fashin banki irin su Harry Pierpont, suka koya masa sana'ar. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Da aka sake shi a Mayun 1933, ƙasar tana cikin baƙin talauci. Dubban bankuna sun rushe da ajiyar talakawa, shi ya sa wasu suka riƙa yi masa kirari. Amma ƴan sanda sun mutu a hannun ƙungiyarsa, shi ma jami'an gwamnati suka harbe shi a ƙofar gidan silima a Shikago ran 22 ga Yuli 1934, yana da shekara 31.

Wata 14 ya yi yana tashe, bayan kusan shekara 9 a kulle. Wannan lissafin nake so mu yi wa yaranmu, mu kuma bincika wa ke karantar da wanda ya daina zuwa aji.