Daga Kurtun Tawada Zuwa Wayar Salula: Tarihin Ɗaukar Shafi a Bar Littafi

Tun kafin a san wata na'ura, mai neman ilimi a ƙasar Hausa ya san matsala guda: littafin da yake bukata yana hannun wani a wani gari, kuma mai shi ba zai yarda ya ƙetare ƙofar zaure ba. Garin Matamaye, da yake kan hanyar Damagaram zuwa Daura da Kano, ya daɗe yana ganin wucewar masu wannan bukata. Kayan aikin almajirin ƙarni na 19 ba su da nauyi: alƙalamin kara, kurtun tawada, da ƴan takardu a gafaka. Ya sauka gidan malami, a miƙo masa littafi, ya tanƙwashe ƙafa makonni yana kwafa. In ya kammala sai a gwada sabon da tsohon, wani na karantawa yana bi, kuma sau da yawa yakan rufe da sunansa da na wanda aka rubuta domin shi.

Ita kanta takardar baƙuwa ce. Da yawa daga cikinta a arewacin Italiya ake yin ta, ɗauke da alamar jinjirin wata uku a cikin jikinta, ta biyo ayari daga Tarabulus ta ratsa Damagaram zuwa Kano. Littattafan kuma ba a ɗinke su. Warƙoƙi ne a sake cikin bangon fata. Domin kada su rikice, mai kwafi yakan sa kalmar farko ta shafi mai zuwa a ƙasan wanda ya gama. Wannan ƴar kalma ita ce lambar shafi ta magabata.

Wata na'ura da ta yi gogayya da alƙalami ita ce maikurofim, wato siririn fim mai ƙanƙance shafi har sai an sa shi a injin karantawa. Ya yi suna ne a 1870 zuwa 1871, lokacin da sojojin Jamus suka yi wa Paris ƙawanya, inda René Dagron ya riƙa ƙanƙance wasiƙu ana ɗaura wa tantabaru su shiga da su birnin. Ɗaukar hoton littattafan wannan yanki kuwa sai daga shekarun 1950 ya kankama. A ƙarshensu ne A.D.H. Bivar ya ɗauki hotunan wasu tsofaffin Alƙur'anai na Barno, ciki har da mai tarihin 1669. Bayan shekaru fiye da arba'in, waɗannan hotuna suka zama mafarin binciken Dmitry Bondarev a kan tsohon harshen Kanembu da aka rubuta tsakanin layukansu. A 1964 John Hunwick ya kafa cibiyar tattara rubuce-rubucen Larabci a Jami'ar Ibadan, wadda ke aron littafi ta ɗauke shi a fim ta mayar wa mai shi, a Zariya kuma shirin binciken tarihin Arewa ya bi gidajen malamai da irin wannan aiki. A Nijar, Bubu Hama, shugaban Majalisar Dokoki har zuwa 1974, shi ya dage wajen tara littattafan da a yau suke cibiyar IRSH ta Yamai, kimanin 4,000, na Larabci da na ajami.

An tsirar da abubuwa masu yawa daga gara da ɗigar ɗaki, wannan ba a musu. Amma fim ya zo da nasa naƙasu. Baƙi da fari yake ɗauka, alhali magabata ba don ado kawai suke canza tawada ba: da ja ake yin wasali a Alƙur'ani, da ita ake bambanta matani da sharhi. Mafi ciwo kuma, fim birni yake tafiya, inda injin karanta shi yake. Mutanen Damagaram sun san irin wannan nisa: mai son rahotannin gwamnatin mulkin mallaka ta Afirka ta Yamma a kan ƙasarsa, ko ya je Dakar inda ainihin takardun suke, ko Aix-en-Provence ta Faransa inda fim ɗinsu yake.

Kyamarar da ba ta bukatar fim, injiniyan kamfanin Kodak Steven Sasson ya haɗa ta a 1975, amma sai a shekarun 2000 ta yi arahar da manazarci zai saya. A 2004 Laburaren Birtaniya ya buɗe shirin ceto takardun da ke cikin haɗari, da ƙa'idar da ta gyara kuskuren baya: littafi ya zauna a ƙasarsa, kofi ɗaya na hotunan ma ya zauna can. Kayan aikin duka jaka biyu ne: kyamara da mariƙinta, kwamfutar tafi-da-gidanka, ma'auni da katin launuka da ake ajiyewa gefen shafi. Masana sun fifita kyamara a kan sikana mai murfi, domin danne tsohuwar takarda karya ta ne. Abin da ya faru a Tumbutu a Janairun 2013, da aka ƙone ko aka sace littattafai kimanin 4,000 a cibiyar Ahmad Baba, ya sa kowa ya farga. Waɗanda Abdel Kader Haidara da abokan aikinsa suka kwashe zuwa Bamako an yi shekaru ana ɗaukar hotunansu tare da laburaren HMML na Amurka.

A yau malamin makaranta a Matamaye ko Kance yana da na'ura a aljihu wadda Bivar bai taɓa mafarkinta ba. Sai dai sauƙi ya haifi sakaci. Manhajojin da ke wanke shafi ya yi fari fat don takardun ofis aka yi su. A tsohon littafi sukan share dusashen rubutun gefe, inda malami ya sa fassarar ajami ko ranar wani abu da ya faru, wanda wani lokaci ya fi matanin daraja ga mai tarihi. Mai gaggawa yakan yanke ƙasan shafi, ƴar kalmar nan ta tafi, a rasa jerin warƙoƙi. Hoton da aka tura ta WhatsApp a matsayin hoto yakan rage kaifi. Jinjirin watan nan uku, da ke taimakawa wajen kintata zamanin takarda, ba ya bayyana sai an haska warƙa ta baya. Akwai kuma batun izini, domin a cikin gafaka ɗaya akan tarar da fiƙihu da wasiƙun iyali da laƙanin da mai gida bai yarda ya bazu ba.

Ƙungiyar al'adu da ta shiga gidan malami da waya, hoton farko da ya kamata ta ɗauka shi ne na ƴar takarda mai sunan littafin, da gidan da yake, da adadin warƙoƙinsa, da ranar aikin. Daga nan a bi shafi-shafi a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, a ajiye hotunan wuri biyu, ɗaya daga ciki a hannun mai littafin.